Ƙanena ya bar coci, mai bishararmu ma ya koma tuƙin pragya: wa zan yi wa addu'a, me zan ce?

"Baba barka da hutawa. Ni ina zumuntar mata a wata ƙaramar ikilisiya ta masu jin Hausa a nan Kumasi, gefen Aboabo. Duk Laraba muna addu'a saboda ɓatattu da ma'aikatan Ubangiji amma gaskiya baki ne kawai ke faɗa, zuciyata ta gaji. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya a coci ya tashi, shi ke buga mana ganga da, yanzu shekara 7 kenan bai taka ƙofar coci ba, yana Suame wajen gyaran mota ya faɗa shan tramadol. Ga mai bishararmu da yake bibiyarsa, shi ma watan jiya ya ajiye aikin ya koma tuƙin pragya, keken haya mai ƙafa uku, mutane suna cewa wai ya ja da baya. Baba shin Allah yana tausayin wanda ya san gaskiya ya bari da gangan? Kuma me ya sa Yesu da ya ga taro ya ji tausayinsu bai ce a yi musu addu'a ba sai ya ce a roƙi ma'aikata? Ni wa zan yi wa addu'a kuma me zan ce?"

'Yata sannu, sannu da haƙuri. Na karanta saƙonki har sau uku kafin in ɗauki waya in fara rubutu, dan irin wannan ba a amsa shi a tsaye. In na fahimce ki, kina tambaya ko ƙofa a buɗe take wa ƙanenki bayan da ƙafarsa ya fita, kina tambaya kan maganar Yesu a Matiyu sura 9, kuma kina so a ba ki abin da za ki riƙa faɗa ranar Laraba wanda ba maimaici ba. A wurinki uku ne, ni kuma da na yi sama da shekara 30 cikin wannan aiki a tsakanin mutanenmu na arewa da ke zaune Kumasi, na fara da mai bishara kafin a naɗa ni fasto, ina ganin igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma mai bisharan nan naku da kika sa shi a tsakiyar saƙo kamar ƙarin bayani, shi ne ƙullin.

Ɓatacce iri biyu ne a bakinmu

Bari in fara da kalmar kanta dan Hausa ta yi mana wani abu a nan da mutane ba sa lura. Idan nama ya kwana ya yi wari mu ce ya ɓaci, ɓatacce ne, a zubar. Idan akuya ta tsinke igiya ta shiga gari mu ce ta ɓata, ita ma ɓatacciya ce, amma wannan ba a zubarwa, cigiya ake yi. Kalma ɗaya ce a rubuce, hukunci biyu ne daban. Kuma na daɗe da lura cewa a ɗakin addu'a in muka ce "ɓatattu" yawancinmu na farkon muke nufi, lalatattu, 'yan ƙwaya, waɗanda suka fi ƙarfin gyara. Shi ya sa zuciya take gajiya, wa zai yi shekara 7 yana roƙo a kan naman da ya riga ya yanke masa hukuncin shara?

Ke da ke zaune Aboabo kin san yadda cigiya take. Yaro ɗan shekara uku ya bi masu talla ya ɓace da la'asar, kafin magariba an ba da sanarwa a lasifikar masallaci, a faɗi kalar rigarsa, a faɗi tabon da ke goshinsa, uwar tana yawo ba ɗankwali ba takalmi lungu lungu, kuma ba wanda ke tambaya ɗan Musulmi ne ko ɗan Kirista, duk unguwa ta tashi. Ba a taɓa cigiyar abin da ba shi da mai shi. Toh wannan ɓatan ne Yesu yake nufi a Luka 15, kuma a can ne amsar tambayarki ta farko take.

Ki duba dalilin da ya sa ya ba da misalan, Farisawa ne suke gunaguni wai yana karɓar masu zunubi har yana cin abinci da su. Sai ya ba su labari uku, kuma kowanne hanyar ɓatansa daban. Tunkiya ɗaya cikin 100, ita wauta ce, ciyawa ta bi tana ci tana ci har ta ɗaga kai ba garke. Kuɗin azurfa ɗaya cikin 10, shi kuɗi ba shi da ƙafa, a cikin gida ya ɓata, sakacin wani ne. Na ukun shi ne naki, ɗan da ya san gidan ubansa sarai, ya san daɗin tuwon gidan, ya buɗe baki ya ce a ba shi gadonsa uban yana raye, ya tattara ya tafi. Da gangan ɗin da ya fi wannan babu. In da a zango ne cewa za a yi tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma a aya ta 20 tun yaron yana nesa uban ya hango shi, tausayi ya kama shi, ya sheƙa a guje, dattijo da babbar riga yana gudu a idon gari, ya rungume shi tun bai gama jawabin tuban da ya haddace a hanya ba. Mutum ba ya hango wanda ke nesa sai in dama idonsa yana kan hanyar.

Ba zan ɓoye miki ba akwai ayoyi masu nauyi, Ibraniyawa 6 da Ibraniyawa 10 suna gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ɗanɗana ya juya baya, kuma malaman ikilisiya sun daɗe suna ja a kansu, ɗan cocin Firesbi (Presbyterian) zai fassara miki ta wata hanya, ɗan Metodis ko Fentikos ya bi wata, ni ba zan raba musu gardamar a saƙon waya ba. Abin da na tsaya a kai shi ne ayoyin nan gargaɗi ne ga mai karantawa ya kula da kansa, ba a ba mu su dan mu riƙa buga wa wani hatimi a goshi ba. Bitrus ai ya san gaskiya, shekara uku yana bin Yesu, ya yi musunsa sau uku har da rantsuwa, kuma a Yahaya 21 shi aka ce wa ka yi kiwon tumakina. A Ezekiyel 33:11 Allah da kansa ya rantse ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Saboda haka eh, yana tausayin ƙanenki, yau ɗin nan da yake kwance ƙarƙashin mota a Suame.

Wani abu kuma da zan ɗan tsokane ki da shi, ki yi haƙuri. Kin tabbata ƙanenki ɗan nan na misali na uku ne zalla? Na sha bin labarin samarin da suka bar coci, in ka zauna da su ka ja zance a hankali sai ka tarar da wata rana da aka kunyata su a gaban jama'a, ko aka karɓe sandar ganga aka ba ɗan wani babba, ko suka ga abin da bai kamata su gani ba wajen shugabanni. Da yawansu kuɗin azurfa ne, a cikin gida muka yar da su. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin 100 na mutanen Gana Kirista suke kiran kansu, kinga ashe yawancin waɗanda ake cigiya a ƙasar nan suna da sunan baftisma, sharar ɗakinmu ya kamata mu fara kafin mu ɗaga lasifika mu juya ta wajen maƙwabta. Mu da muke haya a gidajen Musulmi, muke auratayya, muke zuwa sunan juna da jana'izar juna, ya kamata mu san yadda muke riƙe wannan kalma. A Ista ta 2019 babban limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya je ya zauna a cocin Katolika ta Christ the King a Ankara, babban birnin Gana. Mai shaida bangaskiyarsa a ƙasa irin wannan da ladabi zai yi.

Ita kalmar tausayin ma ba ƙarama ba ce. A Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari, kalmar da Matiyu da Luka suka yi amfani da ita daga kayan ciki aka samo ta, hanji da su hanta, wato abin da ke murɗa ciki. A Ibrananci kuma kalmar jinƙai tushenta ɗaya da mahaifa, kuma 'yar'uwar kalmar rahama ce da muka aro daga Larabci. Shi ya sa Ishaya 49:15 yake tambaya ko mace za ta manta da jaririn da take shayarwa, ya ce ko ita ta manta shi ba zai manta ba. Gajiyar da kike ji ba alamar Allah ma ya gaji ba ce, ke ce mai jini da tsoka.

Me ya sa ya ce a roƙi ma'aikata

Wannan tambayar ta yi mini daɗi dan ba kowa ke lura ba. A Matiyu 9:35-38 Yesu ya zaga garuruwa da ƙauyuka yana koyarwa yana warkarwa, ya ga taro a wahale a warwatse kamar tumakin da ba makiyayi, cikinsa ya juya, sai ya waiwayi almajirai ya ce girbi da yawa ma'aikata kaɗan, ku roƙi Ubangijin girbi ya aiko da ma'aikata. Ba wai ya hana addu'a saboda ɓatattu ba ne fa, Bulus ya yi ta saboda danginsa a Romawa 10:1, kuma 1 Timoti 2 ta ce a yi roƙo saboda dukan mutane. Ki ci gaba da kiran sunan ƙanenki. Abin da Yesu ya yi shi ne ya nuna inda giɓin yake.

Duk wanda ya tashi a Bawku ko Bolga ko can ƙasar Hausa ya san wannan. Dawa ta nuna, zangarniya ta sunkuya, ba abin da ya rage wa Allah ya yi, ruwa ya ba da, rana ya ba da. Amma in ba hannu tsuntsaye za su sauka, gara ta hau wadda ta faɗi, iskar hunturu ta taso wutar daji ta biyo baya. Manomi a wannan lokacin ba ya roƙon dawa ta nuna, gayya yake kira. Tausayin Allah bai yi ƙaranci ba, mutanen ma sun fi yadda muke zato shiri, abin da ya yi kaɗan shi ne ƙafar da za ta je da bakin da zai yi magana da kunnen da zai zauna ya saurari ɗan ƙwaya yana maimaita zance ɗaya sau biyar. Haka Allah ya ga dama ya tsara abinsa, tausayinsa ta hannun mutane yake isa, mutanen kuma masu yunwa ne masu kuɗin haya a wuya.

Kalmar da aka fassara "aiko" ɗin ma tana da ƙarfi, ita ce dai ake amfani da ita wajen fitar da aljanu, kamar a ce ya ingiza su waje. Kuma ki juya shafi, sura 10 tana buɗewa waɗanda aka ce su yi addu'ar su ne aka kira aka aika, su 12. Ina gaya wa matasa kullum wannan addu'ar tana da ƙugiya.

Tarihin ƙasar nan ma ya nuna ma'aikaci ba ƙarfe ba ne. Mutum huɗu na farko da mishan ɗin Basel ta aiko sun sauka Osu a 1828, uku suka mutu a 1829, na huɗun a 1831. Andreas Riis da ya zo a 1832 abokan tafiyarsa biyu suka mutu, shi ma zazzaɓi ya kusa tafiya da shi, mai maganin gargajiya ɗan ƙasa ne ya yi jinyarsa ya tashi, daga baya ya hau Akropong. Joseph Dunwell na Metodis ya sauka Kef Kos a Janairun 1835, bai wuce wata shida ba ya rasu. Ramseyer na mishan ɗin Basel da cocinsa ke tsaye a unguwar Adum, fursuna aka kama shi a 1869 shi da matarsa aka kawo su garin nan, sai 1874 suka fita, ya sake dawowa a 1896. Muna tuna sunayen nan, amma kowannensu akwai wanda ya dafa masa abinci, ya yi masa tafinta, ya ɗauke shi a lokacin da ƙafa ta ƙi.

Mai bisharanku

Toh nan ne nake so mu daɗe. Kin ce mutane suna cewa ya ja da baya. Su waye mutanen, kuma a cikinsu wa ya je gidansa ya zauna?

Bari in ba ki nawa. Akwai shekarar da na kusa ajiye aikin nan, yarana uku a lokacin. Mai gida ya ce in kawo kuɗin haya na shekara biyu gaba ɗaya ko in tashi, duk da dokar haya ta ƙasar nan wata shida ta yarda a karɓa, amma kin san yadda abin yake, doka tana takarda mai gida yana bakin ƙofa. Ikilisiyarmu masu gadi ne da leburori da mata masu ɗaukar kaya a kasuwa. Ran Lahadi bayan sujada ni da ma'aji mu juye baiko a kan tabarma, tsaba ce zalla, mu jera ta goma goma, in aka cire kuɗin wuta da na hayar ajin makarantar da muke taruwa a ciki abin da ya rage ba ya kai mu Alhamis. Sai na samu aikin gadi a wani wurin katako, in kwana a zaune da tocila da sanda, asuba in wanke fuska in fita ziyara. Ran nan ina wa'azi na tsaya a tsakiyar jimla na manta abin da nake faɗa, barci ne, a tsaye. Bayan an tashi dattawa suka kewaye ni suka ɗora mini hannu, aka yi addu'a da ƙarfi Allah ya sabunta wutar bawansa, ya kori ruhun sanyi. Na ce amin. Ba wanda ya tambaye ni ina na kwana.

Wadda ta gane wata tsohuwa ce mai sayar da koko a bakin hanyarmu, ba ta iya karatu ba, in an ce ta yi addu'a a taro jimla uku take yi ta zauna. Washegari da sassafe sai ga jikarta da kwano a rufe, koko da ƙosai na yara, ta ce kaka ta ce a gaya wa fasto tana masa addu'a. Haka kwanon nan ya riƙa zuwa kusan wata takwas, kuma ita ce ta je ta tsaya wa dattawa a kai har aka zauna aka yi maganar hayata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya 'yata. Ni ban yarda akwai wanda ya yi mini addu'a a shekarar nan kamar matar nan ba.

Ki karanta 1 Sarakuna 19. Iliya ya gama babban aiki a dutsen Karmel, ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin wani itace ya ce Allah ya ɗauki ransa ya isa haka. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba, ya tashe shi ya ce ci, ga gurasa ga tulun ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ce ƙara ci tafiyar da nisa. Sai bayan kwana 40 a Horeb aka yi maganar aiki, a nan ma abin da aka ba shi har da labarin cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, da kuma Elisha abokin tafiya. Abinci, barci, sannan aboki.

Kuma tuƙin pragya ba ja da baya ba ne. Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Biriskila, yana Ayyukan Manzanni 18. Mutumin da ya zaɓi ya yi gumi a titi ya ciyar da iyalinsa maimakon ya fara sayar muku da man shafawa da ruwan kwalba yana karɓar kuɗin ganin annabi, ni a wurina ya nuna alamar lafiya. Masu kiwon kansu da Ezekiyel 34 ta yi wa kashedi ba sa ajiye aiki ai, aikin yana biyansu.

Amma kar in yi saurin wanke shi tunda ban san shi ba. Yana iya zama kuɗi ne, shi ya fi yawa a abin da na gani. Yana iya zama an ɓata masa rai ne a majalisar dattawa ya haɗiye. Yana iya zama matarsa ce ta kai bango, dan matar ma'aikaci tana ɗaukar rabin kayan ba a kiran sunanta. Yana iya zama ya faɗi cikin wani zunubi kunya ta kore shi, ko shakka ta shige shi ba wanda zai gaya wa, dan wa mai bishara zai je ya ce masa bangaskiyata tana rawa? Kowanne maganinsa daban, kuma ba za ku sani ba sai an je. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kar ki je ke kaɗai, ki tafi da maigidanki ko wata babba a zumunta, ku je gida lokacin da matarsa take nan, ku riƙe wani abu a hannu ko da doya biyu ne, kuma kar ku buɗe da yaushe za ka dawo. Ku ce mun zo gaisuwa ne, yaya yara. In shi ne yanzu tunkiyar da ta ɓata toh ku ne masu cigiya.

Me za ki ce ranar Laraba

Abin da ke kashe addu'ar ma'aikata shi ne jimla, Ubangiji ka albarkaci dukan bayinka a ko'ina cikin duniya, amin. Ba laifi ba ne amma ba ta kama zuciya dan ba fuska a ciki. Ni na koyi abin roƙo ne daga abin da Bulus ya roƙa wa kansa, tunda shi bai ji kunyar cewa ku yi mini addu'a ba. Ya ce wa Kolosiyawa su roƙa a buɗe masa ƙofa, kuma ya iya faɗin maganar a fili yadda za a gane. Ya ce wa Afisawa su roƙa a ba shi kalma da ƙarfin hali, yana cikin sarƙa a lokacin. Ya ce wa Tasalonikawa su roƙa a tsare shi daga mugayen mutane. Wanda ya fi taɓa ni yana Romawa 15:31, ya ce su roƙa hidimar da zai kai Urushalima ta samu karɓuwa wurin masu bi. Kin ji fa, manzo guda yana fargabar 'yan coci. Duk wanda ya yi aikin nan ya san raunin da ya fi zafi daga ciki yake zuwa. A wasiƙarsa ta ƙarshe kuma yana kurkuku yana roƙon Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, sanyi yake ji.

A kan waɗannan ni nakan ƙara matarsa da 'ya'yansa da sunayensu, da hannunsa wajen kuɗin ikilisiya, da kuma kar idonsa ya saba. Wannan na ƙarshen shi ne ciwon tsofaffin ma'aikata irina, ka ga wahala har ta daina murɗa maka ciki, ka wuce yaran matan nan kayaye masu dakon kaya suna kwance a barandar shaguna wajen kasuwar Kejetia ka ji ba komai, wa'azi yana fita daidai amma tausayin ya bushe.

Kuma ki faɗaɗa wanda kike kira ma'aikaci. Malamar makarantar Lahadi, da mai tafinta da ke juya wa'azi daga Tonanci, yaren Asante, zuwa Hausa ko Farafara yana gumi, da matar da ke zuwa asibiti duba marasa lafiya da kuɗin motarta, duk girbi ɗaya suke.

Abin da muka gwada a wurinmu ya yi aiki shi ne kowace mace ta ɗauki mutum ɗaya na wata guda, ta kira shi ta ce me zan roƙa maka, ta rubuta, ƙarshen wata ta sake kira ta ji yadda ake ciki. Sharaɗi ɗaya ne, abin da aka gaya miki ba ya zuwa taro sai da izininsa. Na ga zumuntar da ta watse saboda "a sa shi a addu'a" ya zama hanyar gulma mai tsarki, kafin Lahadi duk unguwar Asawase ta ji.

Ƙanenki

A nan dole in san iyakata, ni fasto ne ba likita ba. Tramadol in ya kama jiki ba maganar ƙarfin zuciya kaɗai ba ce, mai sha da yawa yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, kuma yankewa rana ɗaya tana jawo ciwon jiki da rashin barci da zai mayar da shi. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, a can ake rage shi a hankali. Duk wanda ya ce ku kawo shi sansanin addu'a a ɗaure shi da sarƙa a hana shi abinci, ku ƙi, ƙasar nan tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012 da ta kare mutuncin irinsu, kuma ban ga inda Yesu ya sa wa wani sarƙa ba, wanda ya tarar a kaburbura ma kwance shi ya yi ya zauna da tufa cikin hankalinsa.

Kar ki ba shi kuɗi a hannu ko ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ki kai abinci. Kar kowace ziyara ta zama wa'azi, ya san ayoyin ai, shi ya buga musu ganga. Ki je wani lokaci ki zauna a benci ki tambaye shi motar wa yake gyarawa, ki gaisa da mastansa, ki tashi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kin samu fuska wata rana ki tambaye shi abin da ya faru shekara 7 da suka wuce, ki yi shiru ki ji, ko da amsar ta taɓa wanda kike girmamawa.

Ba zan yi miki alkawarin rana ba. Na ga wanda ya dawo bayan shekara 19, uwar da ta yi ta roƙo ta riga ta rasu ba ta gani ba, shi ya zo ya zauna a bencin baya ranar wata Lahadi ba wanda ya gayyace shi. Na kuma binne waɗanda ban ga dawowarsu da idona ba, abin da ya wuce tsakaninsu da Allah a sa'ar ƙarshe ba a nuna mini ba. Uban da ke Luka 15 ma bai ɗaure ɗansa ba.

In kun je gidan mai bisharan, bayan an gaisa an sha ruwa, ki ɗan sako masa wata magana. Pragya ba ta wata biyu ba ta nemi gyara ba, kuma duk mai abin hawa a garin nan ƙarshenta Suame yake kai shi. Ki kwatanta masa rumfar da ƙanenki yake. Kar ki ce ya je wa'azi, ki ce in kekensa ya samu matsala ga yaro nan ya iya aiki.